Babi na Huɗu: Birnin da Ba a Ganinsa ta Tagar Mota

Me zai sa mutum ya tara kuɗin jirgi, ya ƙetare teku har Kambodiya, sannan ya ƙare a kan keken haya yana sharce gumi? Da wuya a ambaci zagaya kufan Angkor a kan keke ba a ji wannan tambaya ba, kuma tambaya ce mai kan gado. A wajenmu keke abin hawan ɗan makaranta ne, ko manomi, ko wanda bai kai ga babur ba. Baƙo kuwa, in ana so a karrama shi, mota ake nemo masa. A garin Siem Reap, inda masu ziyarar Angkor ke sauka, ba a rasa motoci masu na'urar sanyi ba. Ga kuma abin da suke kira remork, wata 'yar amalanke mai rumfa da babur ke ja, wadda in ka gan ta za ka tuna da adaidaita-sahu. Duk da haka kullum da asuba sai ka ga masu keke sun nufi arewa cikin duhu, da 'yan fitilunsu a gaba.

Wasu araha suke bi, wasu motsa jini suke nema. Nawa dalilin daban ne, kuma ba zai fito fili ba sai mun fara sanin mene ne Angkor ɗin kansa.

Dutse na abin bauta, itace na mutane

Yawancin mutane hoto ɗaya suka sani, na hasumiyoyin Angkor Wat da ke jikin tutar Kambodiya. Wannan haikali guda ne cikin ɗaruruwa. Daular Khmer ta kafu a shekarar 802, lokacin da Jayavarman na Biyu ya ayyana kansa sarkin sarakuna a kan tsaunin Kulen. Daga nan aka yi fiye da shekara 500 mafi yawan sarakunanta suna zaune a shimfiɗaɗɗen filin da ke tsakanin wannan tsauni da tafkin Tonle Sap, kuma kusan duk babban sarkin da ya hau sai ya gina nasa haikalin.

Sai dai suna da wata ƙa'ida. Dutse da tubali na abin bauta ne, mutum kuwa, ko da sarki ne, a gidan itace yake kwana. Wani jami'in ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan, wanda ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa har rufin ɗaki da matsayi ake yinsa, talaka ba ya wuce jinka. To a ƙasar da ake ruwa wata shida a shekara, ga gara, itace da ciyawa ba sa kai labari. Gidaje suka ruɓe, kasuwanni suka shafe, fadar sarki ta bi su, aka bar duwatsu tsaye cikin kurmi.

Ka ƙaddara wani tsohon birni namu ya watse, duk gidajen ƙasa sun narke, ba abin da ya rage sai manyan masallatai. Wanda aka ɗauka a mota daga wannan masallaci zuwa wancan zai ga gine-gine, amma garin ya wuce shi. Garin yana nan a tsakani, a tudun da gida ya taɓa zama, a kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, a lungun da ya koma turba.

Haka abin yake a Angkor. A 2007 masu binciken kufai suka fitar da taswirar da ta nuna cewa tsohon mazaunin ya bazu kusan murabba'in kilomita 1,000. A 2012 kuma aka ɗaura wa jirgi mai saukar ungulu wata na'urar haske mai ratsa ganyen itatuwa ta auno ƙasa, sai ga layukan unguwanni sun fito ƙarƙashin daji, har a cikin harabar Angkor Wat. Ana ƙiyasta cewa a ƙarni na 13 mutanen yankin sun kai tsakanin 700,000 da 900,000. Abin da ya fi yawa a taswirar shi ne tudu da tafki a jere. Magidanci zai haƙa rami, ya tara ƙasar ya yi tudu, ya kafa gidansa a kai don kada ruwa ya ci shi, ramin kuma ya tara masa ruwan da zai kai shi rani. Bakano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Irin waɗannan alamu ba sa tsayi. Wanda ke cikin mota ba zai ma san ya hau tsohuwar madatsa ba, mai keke kuwa cinyarsa za ta gaya masa. Da ƙafa kuma abin ba zai yiwu ba, domin yankin da aka keɓe kaɗai, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, ya kai murabba'in kilomita 400. Keke ne ya zo daidai, ga shi ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai.

Fitowa daga gari

Daga tsakiyar Siem Reap zuwa Angkor Wat kusan kilomita 6 ne, a kan kwalta mai inuwa. Hannun dama suke bi kamar mu, don haka ba sabon koyo. Tun 2017 tikitin baƙo na kwana ɗaya dala 37 ne, na kwana uku 62, na kwana bakwai 72, 'yan ƙasa kuwa kyauta suke shiga. Mai keke ya sayi na kwana uku ko na bakwai, domin gaggawa ce ke ɓata wannan tafiya.

Disamba da Janairu sun fi daɗin hawa. Afrilu zafinsa ba ya da kyau, daga Mayu zuwa Oktoba kuma damina ce, ƙasa ta yi kore shar amma jan hanyoyin ƙauye su zama taɓo. Kafin ka karɓi keke ka matsa birki, ka duba tayoyi, ka sa a daidaita maka sirdi. Masu faci ba sa wuyar samu a bakin hanya. Ana bukatar suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, abin da ba zai dame mu ba. Ka nemi krama, wani mayafi mai zanen dara da kowane Bakambodiye ke da shi, zai tare maka rana da ƙura. Musulmi kuma ya kwantar da hankalinsa, akwai unguwar Musulmi a Siem Reap, yawancinsu 'yan ƙabilar Cham, da masallaci da wuraren cin halal.

Faransawa sun shata hanyoyi biyu na zagaya manyan haikalai, ƙarama mai kilomita 17 da babba mai 26. Su ne kashin bayan tafiyar, amma daɗinta yana cikin turbobin da ke ɓallewa daga jikinsu.

Angkor Wat ba zan daɗe a kansa ba, domin shi kowa ke bayani. Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina shi don Vishnu na addinin Hindu, a daidai zamanin da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ganuwar birni. Ruwan da ke kewaye da shi faɗinsa mita 190 ne, babbar hasumiyar kuma ta kai mita 65. A waje ake jingine keke. Abu ɗaya nake so a gyara: ana yawan cewa Bafaranshe Henri Mouhot ne ya gano wurin a 1860. Wurin bai taɓa ɓata wa masu shi ba. Malaman addinin Buddha suna ciki duk tsawon ƙarnukan nan, wani limamin Kirista ɗan Fotugal ya ziyarce shi a 1586, wani Bajapane ma ya bar rubutunsa a jikin ginshiƙi a 1632.

A kan ganuwa

Ƙasa da kilomita biyu gaba za ka tarar da ƙofar kudu ta Angkor Thom. Gadar shiga tana da gumaka 54 a kowane gefe, suna riƙe da jikin wani ƙaton maciji, ƙofar kuma fuskoki huɗu ne a samanta, kowace tana duban kusurwarta. Ƙunci gare ta, mota ɗaya take ɗauka, don haka motoci kan yi layi mai keke ya zame ya wuce.

Jayavarman na Bakwai ne ya gina wannan birni. Ya hau mulki a 1181 bayan mutanen Champa, kakannin Cham ɗin nan, sun ci Angkor da yaƙi. Wanda ya ga an ƙone garinsu ba ya wasa da ganuwa. Tasa murabba'i ce, kowane gefe kilomita 3, tsayinta mita 8, da tubalan marmara, irin jan dutsen nan mai huji-huji da muka sani a ƙasarmu. Ta ciki aka jingina mata tudun ƙasa mai faɗi, kamar badala, kuma a kan wannan tudu akwai turbar da keke ke bi.

Da ka shige ƙofar sai ka tura keken ka hau. Cikin minti biyu hayaniya ta yanke. A hannu ɗaya ga ruwan da ke kewaye da birnin can ƙasa, a ɗaya hannun ga kurmi, kuma wannan kurmi shi ne unguwannin da. A kowace kusurwa akwai ɗan ƙaramin haikali, Prasat Chrung, inda sau da yawa ba kowa sai tsuntsaye. Zagayen duka kusan kilomita 12 ne, da sauka da hawa a kowace ƙofa, da saiwoyin da ke son kayar da mai gaggawa. A ganina duk Angkor ba inda ya kai nan nuna girman birnin, domin sai ka yi sa'a biyu kana taka feda kafin ka dawo inda ka tashi, alhali wannan cibiyar ce kawai.

A tsakiyar murabba'in Bayon yake, mai manyan fuskokin dutse kusan 200. Kowa sama yake kallo. Kai ka sauke idonka kan bangon waje na kudu. A sama an sassaƙa yaƙin jiragen ruwa da Cham, da kadoji suna cafke waɗanda suka faɗa. A ƙasa kuwa, daidai ƙugun mutum, ga rayuwar talakawa: mata a kasuwa da kifi, maza sun yi da'ira suna caca a kan faɗan zakaru, mai naƙuda da ungozoma, masu girki a bakin tukunya, iyali a bayan amalanken shanu. Ka riƙe siffar wannan amalanke a ranka. Kafin la'asar, in ka yi sa'a, za ka kauce wa irinta a hanyar ƙauye, ko da yake ƙananan taraktoci sun fara korar ta.

Ƙauye a tsakiyar tafki

Ta Prohm, haikalin da saiwoyin itatuwa suka rungume, Jayavarman na Bakwai ne ya keɓe shi ga mahaifiyarsa a 1186. Rubutun da aka samu a ciki ya ce fiye da mutum 12,000 ke zaune suna masa hidima, wasu kusan 80,000 kuma a ƙauyuka suna kawo masa abinci da kaya. Haikali ɗaya ke nan. Wannan sarki ya kuma gina asibitoci 102 da masaukai 121 a kan hanyoyin ƙasarsa. Duk wanda ya taɓa ciyar da gida zai tambaya, da me aka ciyar da wannan taro?

Da shinkafa da kifi, su kuma da ruwa. Matsalar ƙasar irin tamu ce ta wata fuska, ruwa ya yi yawa rabin shekara, ya ɗauke ɗif sauran rabin. Sai suka tayar da dogayen bangaye na ƙasa, suka karkato koguna daga tsaunin Kulen suka zuba a ciki. Irin wannan tafki shi suke kira baray. Na yamma, wanda aka yi a ƙarni na 11, tsawonsa kusan kilomita 8 ne, faɗinsa 2, har yau yana riƙe da ruwa, mutanen gari suna zuwa wanka da hutu. Masana sun daɗe suna jayayya, wasu su ce don ban ruwa aka yi su, wasu su ce siffar tekun da ke cikin addininsu ce. Ni ban ga abin da zai hana su zama duka biyun ba.

Na gabas shi ya fi kama hankalina, domin ya ƙafe. Sarki Yasovarman na Ɗaya ne ya yi shi wajen shekarar 900, tsawonsa ya haura kilomita 7. Za ka ji hanya ta ɗan hau, ta sauka, to ka ƙetare bangonsa ke nan, yanzu a ƙasan tafki kake tafiya. Ko'ina gonakin shinkafa ne da ɓauna suna kiwo. Can tsakiya ga haikalin Mebon na Gabas, da giwayen dutse a kusurwoyinsa. A ƙarni na 10 tsibiri ne, sai da kwalekwale ake zuwa, kuma matakalan da ake sauka daga jirgi suna nan, suna duban busasshiyar ƙasa.

A cikin tafkin nan ƙauyen Preah Dak yake. Ya yi suna da nom banh chok, taliyar shinkafa ce da ake matsawa da hannu, a zuba mata romon kifi mai gangamau da ganyaye ɗanye. Abin da ke ɗaure miyarsu shi ne prahok, kifi da aka jiƙa da gishiri ya ruɓa. Baƙi na toshe hanci, amma wanda ya tashi da daddawa ya san aikin da irin wannan wari ke yi a tukunya. Gidajen a kan dogayen ginshiƙai suke, iyali na wuni a inuwar ƙarƙashi. In ka tsaya, ka haɗa tafukan hannunka a ƙirji, haka suke gaisuwa, ka ce akun in an yi maka alheri. Kada ka ɗauki hoton mutum a tsakar gidansa ba ka tambaya ba.

Me ya ƙafar da tafkin, me ya watsa birnin? Ayutthaya ta ƙasar Tailan ta yanzu ta kawo hari a 1431, fada kuma ta koma kudu wajen Phnom Penh, inda cinikin ruwa ya fi. Amma binciken zoben cikin tsofaffin itatuwa ya nuna cewa a ƙarni na 14 da farkon na 15 an yi dogayen fari, a tsakaninsu kuma aka yi ruwa mai ɓarna. Magudanai suka cike da yashi, wasu suka ɓalle. Akwai shaida a bakin ƙaramar hanyar zagaye, wadda motoci ke wucewa ba sa tsayawa: gadar dutse ta Spean Thma tana tsaye a kan tudu, kogin kuwa ya kauce gefe, ya ci ƙasa ya nutsa can ƙasa da gindinta. Da kogi ya yi ƙasa da bakin magudana, ruwa ya daina shiga tafki.

Hanyar giginya

Mai ƙarfin ƙafa ya ware yini guda don Banteay Srei, kusan kilomita 25 arewa maso gabas da manyan haikalan. Wannan ita ce hanyar karkara ta sosai. Itacen da zai raka ka tun daga farko har ƙarshe za ka gane shi daga nesa, domin ɗan'uwan giginyarmu ne. Suna kiransa thnot, shi ne itacen ƙasa a Kambodiya. Da rani za ka ga doguwar gora ɗaure a jikinsa a matsayin tsani. Mutum ya hau safe da yamma, ya yanka bakin furen, ya rataya gwangwanin gora ruwan ya ɗiga a ciki. A ƙasa mata na dafa ruwan a faffaɗan kasko har ya yi kauri, a zuba a 'yan zobban kaba ya daskare. Ɗanɗanonsa kusa yake da mazarƙwaila. Aiki ne mai haɗari, ribarsa kaɗan, don haka in ka tsaya saye kada ka tsananta ciniki.

Banteay Srei ƙarami ne, na jan dutse, an keɓe shi a 967, kuma ba sarki ne ya gina shi ba, wani malamin fada ne mai suna Yajnavaraha. Sassaƙarsa ta fi ta ko'ina laushi, kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Kyan nan ne ya ja masa ɓarayi. A 1923 wani matashin Bafaranshe, André Malraux, ya ɓalle wasu sassaƙe-sassaƙe zai fita da su, aka kama shi aka mayar da su. Daga baya shi ya zama ministan al'adu na Faransa.

Kada ka bar turba

A kan wannan hanya akwai gidan tarihin nakiyoyi da Aki Ra ya kafa, mutumin da aka sa aikin soja tun yana yaro, ya girma ya koma tonon nakiyoyin da irinsa suka binne. Daga 1975 zuwa 1979 gwamnatin Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot ta kwashe mutane daga birane zuwa gonakin tilas, mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi da miliyan biyu suka mutu, Musulmin Cham na cikin waɗanda abin ya fi yi wa muni. Yaƙi bai ƙare gaba ɗaya ba sai ƙarshen shekarun 1990, kuma ya bar miliyoyin nakiyoyi a ƙasa. Makaɗan da ke zaune a bakin hanyar shiga Ta Prohm, wasu ba ƙafa wasu ba ido, su ne shaidar.

An share yankin manyan haikalan tuntuni, ana yawo lafiya. Amma in ka yi nisa cikin karkara, ka bi inda taya da ƙafa suka riga suka bi, in ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai ka juya. Cikin masu aikin sharewar har da wasu baƙi daga nahiyarmu, gafiyoyi. Ƙungiyar APOPO na horar da su a Tanzaniya su shinshino albarushi, ga shi ba su da nauyin da zai tayar da nakiya. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, an ba shi lambar zinariya a 2020, kuma kafin mutuwarsa a 2022 ya gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa fiye da 100.

Masu gida

Akwai ƙauyuka fiye da 100 a cikin yankin da aka keɓe. Daga 2022 hukuma ta fara mayar da kusan iyalai 10,000 zuwa sababbin matsugunai, babbansu Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi, kuma gine-ginen da ba izini ne ke barazana ga kufan. Ƙungiyar Amnesty International kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce korar dole ce. Na yarda kufai na bukatar kariya, domin rijiyoyi da gine-gine barkatai na iya cutar da su. Amma manomin da ke dashen shinkafa a ƙasan tafkin Yasovarman, da mai hawan giginya, da matar da ke matsa taliya, su ne ragowar birnin nan na itace da ya ciyar da masu sassaƙa dutse. Duk shawarar da za a yanke a kan Angkor, da su ya kamata a yanke ta, a zaune, tun kafin a zo da mota ɗaukar kaya.

Ruwan da muka yi ta bi a wannan babi, daga Kulen zuwa baray zuwa gonaki, duk kudu ya nufa. In ka juya kan kekenka ka bi shi, bayan ka wuce Siem Reap za ka lura ginshiƙan gidaje suna ƙara tsawo, har a ƙauye irin Kampong Phluk su haura mita shida. Masu su sun san inda ruwa ke kaiwa. A babi na gaba za mu jingine keke mu shiga kwalekwale a Tonle Sap, tafkin da ke ninka kansa kusan sau biyar kowace damina, mu ga yadda kogi ke juyawa ya koma inda ya fito, da yadda kifinsa ya riƙe ƙasa guda tun zamanin masu sassaƙa bangon Bayon.